Illo Marini da Jajayen Kifin Zuliha

Illo marini, Allah ya jiƙansa, Bakatsine ne, a tsohon garin Maraɗi aka haife shi, can ƙasa cikin kwari, tun kafin ruwa ya ci gari a kwashe jama'a zuwa tudu. Ubansa marini ne, kakansa ma haka. Uwarsu ta rasu yana goye, sai yayarsa Azumi ta ɗauke shi ta rene shi, shi ya sa har ya yi furfura bai taɓa tsallake maganarta ba. Bayan mijinta ya rasu ta dawo gidan ubansu a unguwar Bagalam, ita da ɗanta da matar ɗan da jikoki. Gidan da sunan Illo ake kiransa, amma kowa ya san mai yanke magana a ciki.

Dogo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Hannuwansa daga yatsu har gwiwar hannu shuɗi ne, shuɗin da ko ranar salla ba ya fita. In ya ba ka hannu sai ka duba tafinka don ka ga ko ya shafa maka, shi kuwa ya yi murmushi ya ce ka kwantar da hankalinka, wanga ya riga ya kama. Ba ya tambayar kowa ko ruwan baba ya nuna. Zai ɗaga murfin ramin, ya shaƙa, ya tsoma yatsa ya ɗora a harshe, ya ce a ƙara toka ko a bar shi kwana biyu. Ba a taɓa jin an maido masa aiki ba.

Abu ɗaya ke sa shi faɗa, shi ne ya ga zanen da ya rina an shanya shi a rana an manta. Zai tsaya a ƙofar gidan mutane ya yi sallama, ya ce a gaya wa mai zanen nan ta kwashe shi, ya bushe tun ɗazu. A wurinsa rana maƙiyiyar launi ce. Abin da ya koya wurin ubansa ke nan: da zarar rini ya sha iska ya bushe, a kai shi inuwa, a ninke, a rufe. Mai son kayansa su daɗe da kyau ya ɓoye su a duhu. Kan haka ya rayu, kuma a kan zane bai taɓa yin kuskure ba.

Matarsa Zuliha ƴar Jiratawa ce, gajera mai dariya, mai saurin hannu. Ɗiya ɗaya Allah ya bar musu, Ramatu, ita ma aure ya kai ta Tasawa. Zuliha ta yi shekaru tana wanki da guga a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa. A bayan gidan akwai ɗan tafki na siminti da ƙananan kifaye a ciki, ba na ci ba, na kallo. Shekarar da aka samu mulkin kai, mutanen gidan suka ɗaure kaya za su koma ƙasarsu. Matar Baturen ta san Zuliha kan tsaya bakin tafkin in ta gama shanya, sai ta sa aka kamo guda huɗu aka zuba mata a babbar kwalba.

Mu da muke unguwar ba za mu manta da ranar ba. Zuliha ta shigo da kwalba bisa gammo, tana tafiya sannu kamar mai ɗauke da ƙwai, mata na bin ta a baya. Kifin jajaye ne ruwan goro, daidai da ɗigon nan na tsakiyar sabuwar tutar da aka ɗaga a ƙofar kumandan, mai mulkin gari. Azumi ta leƙa, ta taɓe baki.

"Su huɗun ga ko miya ɗaya ba su yi. Shekara nawa kina wanke musu kaya, da wanga suka sallame ki?"

"Yaya, ba a cin su."

"To mi ake yi da su?"

"Kallo."

"Kallo," in ji Azumi. "Allah ya ba mu aikin yi."

Zuliha ta juye su a kwatarniya mai faɗi, ta aje gindin lemun tsamin da ke ƙofar ɗakinta, inda hantsi ke sauka kafin inuwa ta rufe. Ta raɗa musu suna. Babban, mai ture kowa wurin ci, shi ne Kumandan. Mai dogon wutsiya Madam. Ƙananan biyu Tagwaye. Abin da take ba su da yadda take yi da ruwansu Illo bai taɓa lura ba, don da asuba yake fita marina, sai la'asar sakaliya ya dawo. Abin da ya sani shi ne in ya shigo zai same ta tsugune tana yi musu hira, ta ɗago ta ce masa yau Kumandan ya ci zalin Tagwaye.

A shekara ta uku, bayan an gama girbi, Illo ya ga wani wuri a damtsen Zuliha ya ɗan yi haske, faɗinsa bai fi bakin ludayi ba. Idon marini ne, shi ya fara gani kafin ita. Ya tsunkule wurin tana kallon wani gefe, ba ta ji ba. Duk sun san sunan abin. Kuturta ce, ciwon da mutane ba sa son ambata. Ya ɗauke ta a bayan keke ya kai ta asibitin masu wannan ciwo, can gaba da Jiratawa. Likita ya ce an zo da wuri, yatsunta ba za su taɓu ba in Allah ya so, amma sai ta zauna nan tana shan magani har ya tabbata ba za ta sa wa kowa ba. Wataƙila shekara guda, wataƙila fiye.

Da zai juyo ta riƙe bakin rigarsa, sannan ta tuna ta saki da sauri.

"Malam, kifina."

"Suna hannuna," ya ce.

Ya dawo gida ya tsaya kan kwatarniyar. Ya ga rana na dukan ruwan, ya ga gansakuka kore ya lulluɓe gefen tukunyar, ya ce a ransa ashe haka take barin su, Allah ne kawai ya kiyaye. Abu mai launi irin wannan a bar shi a fili? Ya sayo sabuwar randa, ya kai ta ƙuryar ɗakin Zuliha, ya juye kifin ciki, ya rufe da faifai kamar yadda yake rufe raminsa na baba. Kullum da safe ya zuba musu ɓarɓashin tuwo da ɗan garin gero. Duk Juma'a ya kwashe su a ƙwarya, ya goge randar tas da soso, ya sake ruwa. Ko jariri ba a yi wa kulawar da ya yi musu.

Ranar Lahadi kuwa sai ya hau keke ya bi hanyar gulbi zuwa asibitin. Su zauna ƙarƙashin bishiya, ita a tabarmarta, shi a tasa. Ya ba ta labarin unguwa, wa ta haihu, wa ya tafi Kano. Daga ƙarshe ta tambayi Kumandan da jama'arsa, ya ce suna nan lafiya lau.

Da zafi ya shigo, wata Juma'a ya fito da ƙwaryar bakin ƙofa, sai ya ga cikin Madam ya yi fari-fari. Ya ɗauka idonsa ne. Juma'a ta zagayo, ya ga farin ya hau gefe. Tagwaye sun zama kalar ruwan shinkafa, Kumandan kuwa tabo-tabo ne a bayansa, nan ja, nan fari. Illo ya duba ɗakin ya ga hasken da ke shigowa ta saman ƙofa, ya ce to ga ɓarawon. Ya ja randar zuwa bayan gado, ya ɗora buhu bisa faifan. Abin ya ƙaru.

Akwai wani tunanin da ya riƙa zuwar masa yana korarsa. Tabon da ke bayan Kumandan ya yi kama da wanda ke damtsen Zuliha. Ya so ya tambayi likita, ya ji tsoro kada a ce ciwon ya fi yadda aka zata, a ƙara riƙe ta. Ya so ya gaya mata, ya kasa. Lahadi bayan Lahadi yana cewa suna nan jajir, yana kallon ƙasa.

Ruwan farko ya sauka, sai likita ya ce masa maganin ya karɓe ta. Bayan girbi za ta iya komawa gida, ta riƙa zuwa karɓar ƙwaya duk wata. Illo ya tuƙo keke yana waƙa shi kaɗai, shi da ba a taɓa jin muryarsa a waƙa ba. Ya iso gida ya tarar da Azumi tsaye a ƙofar ɗakin Zuliha da faifai a hannu. Ta shiga ne don ta duba ko rufin yana yoyo.

"Illo, zo nan. Mi ne ne wanga?"

"Kifi ne, Yaya."

"Na san kifi ne, ban makance ba. Tun yaushe suka koma haka?"

"Tun bazara."

"Kuma ka yi shiru ba ka faɗa ba." Ta aje faifan a ƙasa, ta goge hannunta da zane. "Hannunta ke shiga ruwansu kullum. Ga shi ya fito a jikinsu. In ya kama kifi cikin ruwa, mi zai hana shi kama yaro?"

"Likita ya ce ta samu sauƙi. Yau ya ce bayan girbi..."

"Likita ya ga kifin ga?"

Illo ya kau da ido daga randar, Azumi ta ci gaba.

"Ni ba ƙin ta nike ba, ka sani. Lokacin da na karye, ita ta yi wata biyu tana ɗaga ni tana kwantarwa. Amma jikoki uku gare ni suna wasa da ƙasar gidan ga. In an sallame ta, ta wuce Jiratawa wurin danginta, a yi mata ɗaki gefe. Ka riƙa kai mata gero can. Randar ga kuma a zubar da ita bayan gari."

Ya roƙe ta ta bar masa randar tukuna. Ta bar masa, amma ta sa aka jingina kara a ƙofar ɗakin don kada yara su shiga.

A nan ne Illo ya yi abin da ya riƙa jin kunyarsa har ya koma ga Allah. Ya je wurin Gado baduku ya karɓo karan dafi, wanda dukawa ke rina jar fata da shi. Ya jiƙa, ya tace, ya zuba kaɗan a randar. A ganinsa abin da ya koɗe maimaita masa rini ake yi. Ruwan ya yi ja kamar an yi yanka. Washegari ya ɗaga faifai ya ga ɗaya cikin Tagwaye ya juya ciki sama, sauran ukun suna haki a bakin ruwa, kuma fari dai suke. Ya sake musu ruwa da sauri. Ya haƙa rami bayan ɗaki ya binne mataccen. Ranar bai je marina ba, kuma tun da muka san shi ba mu taɓa ganin raminsa ya yini a rufe ba sai ranar.

Gado ba ya riƙe magana. Kafin kwana uku duk marina ta ji, abokan aiki suka fara yi masa ba'a.

"Illo, akwai tarwaɗa biyu a gida, shuɗi nike so, mai duhu."

"A haɗa da bugu, ta yi ƙyalli."

Ba su san abin da ke ƙarƙashin maganar ba, da ba su yi ba. Shi dai ya sunkuyar da kai yana motsa ruwan baba.

Ana cikin haka, ranar kasuwa, Filibus ya iso. Mutumin Tibiri ne, Kirista, shi ke kula da shuke-shuke da tafkin gidan Baturen nan lokacin da Zuliha ke wanki. Da Turawan suka tafi ya koma garinsu yana noman salati da tumatir. Ya kawo zanen matarsa Susana a maimaita masa rini, ya ji ana ta ba'a, ya tambayi wane kifi ake nufi. Da aka gaya masa, ya dubi Illo ya ce su je ya gani.

Suka ɗage karan suka shiga ɗakin. Filibus ya tsaya yana lalube.

"Ina suke?"

"Bayan gado."

Illo ya janye buhu, ya ɗaga faifai. Filibus ya leƙa bai ga komai ba, sai da suka kinkimo randar zuwa bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a dokin ƙofa ya fara dariya, yana yi yana share ido.

"Kai Bakatsine, kifi aka ba ka ajiya ko turkuɗi?"

"Ba abin dariya ba ne, Filibus. Yaya ta ce ciwon Zuliha ne ya kama su. Ta ce ba za ta dawo gidan ga ba."

Dariyar ta tsaya. Filibus ya gyara zama.

"Wata nawa suna cikin duhu?"

"Bakwai."

"Mi kake ba su?"

"Tuwo. Da gari."

"Koren nan da ke fitowa jikin tukunya fa?"

"Ina goge shi tas."

"Ka goge musu miya ke nan. Ji nan. Kifin ga rana suke so. In ba su ganin haske launinsu zubewa yake. Kuma ba su rayuwa kan gari kaɗai, sai da ganye da ƙwari da gansakukan da kake wankewa."

"Shekara arba'in ina aikin launi," in ji Illo. "Ban taɓa ganin abin da rana ta ƙara wa launi ba. Ci take."

"Zane take ci, don zane ba shi da rai. Ka taɓa ɗaga turmin da ya daɗe a kan ciyawa da damina? Wace kala kake gani ƙarƙashi?"

Illo ya tuna. "Fara," ya ce.

"In ka bar ta a fili kwana bakwai fa?"

Illo ya tsura wa ruwan ido.

Filibus ya ce shi ba likita ba ne, ba zai yi maganar ciwon mutum ba. Amma wannan da idonsa ya gan shi a gidan da ba mai ciwo ko ɗaya. An taɓa sa guda biyu a kwalba cikin biron Bature, wato ofishinsa, inda ake rufe tagogi saboda zafi, suka koɗe, aka maido su tafki suka murmure. Ya ce kifin nan dama ba su tsayawa kala ɗaya. In an ƙyanƙyashe su baƙi-baƙi suke kamar laka, sai sun kusa shekara su juya ja. Wasu kuma in sun tsufa sai su yi fari, kuma wannan ba ya komawa ko an kwana da su a rana.

"Kumandan tun ina sabon zuwa gidan yake nan," ya ce. "Kada ka sa rai da shi sosai."

Sai da Illo ya yi kwana biyu kafin ya iya tunkarar Azumi. Ta ce maganar mai ban ruwan fulawar Nasara ce za ta sa ta saka jikokinta a haɗari? Ya durƙusa a gabanta, abin da rabonsa da yi tun yana saurayi. Ta kau da kai, ta ce ya aje su can jikin katanga, nesa da randar sha, ya kewaye da ƙaya.

"In gero ya shiga rumbu ba su sake ba, ka zubar da su da hannunka, maganar Jiratawa kuma ta tabbata. Kada ka sake durƙusa mani."

Ya fito da tsohuwar kwatarniyar Zuliha ya kafa ta inda hantsi ke sauka, ya gitta reshe bisa rabinta don su samu wurin fakewa da tsakar rana. Abin da ya ɓoye wata bakwai ga shi yanzu a fili, duk matar da ta shigo aron turmi sai ta leƙa ta kama baki. Wannan bai dame shi ba kamar ganin rana a kan ruwan. Safiyar farko sai da ya ɗauko faifai, ya tsaya da shi a hannu, sannan ya mayar. Gansakuka ya fara fitowa, yatsunsa na ƙaiƙayin gogewa, ya haƙura. Filibus ya aiko da ciyawar ruwa daga gulbi. Illo ya koyi daka zogale ya murza musu, yana kama fara da gara, yana tace ƴaƴan sauro daga kududdufi da tsumma. Ya samo zare ruwan goro ya ɗaure a ƙaya, duk Juma'a ya kusanto da shi bakin ruwa ya gwada, kamar yadda yake gwada rini da samfur.

Lahadin da ta biyo ya gaya wa Zuliha komai, har da karan dafi, har da Tagwayen da ya binne, har da maganar Azumi. Ta yi dariya da ta ji na buhu, dariyar ta juye kuka.

"Shekara uku ina daka musu zogale a gabanka, Malam. Ka taɓa tambayata na mi ne ne?"

"Na ɗauka na miya ne."

Ta share fuska. "In ba su sake ba fa?"

"Sai in kwashe in bi ki Jiratawa. Can ma ana sa tufafi."

"Ba za ka bar ramin ubanka ba. Kuma ni ba zan raba ka da Yaya ba, ita ce uwarka. In ta ce Jiratawa, Jiratawa zan zauna." Ta ja mayafi ta rufe damtsenta. "Amma ɗakina nike so."

Wata na farko ya wuce, zaren yana ja, kifin suna fari. Gero ya yi kai. Illo ya rame, in ana hira a marina sai a kira shi sau biyu kafin ya ji.

Shi yana wurin aiki da rana, Azumi ce ke gida. Ta ce ba ruwanta da su, amma kujerarta ta tsinkar auduga ta riƙa matsawa wajen katanga, wai can ne iska take. Wata rana shirwa ta sauko kan kwatarniyar, Azumi ta wurge ta da muciya har muciyar ta faɗa gidan maƙwabta. Da aka tambaye ta, ta ce kajinta take karewa. Matar ɗanta ta ce ta sha ganinta tana murza wani abu a bisa ƙaya in ta ɗauka ba mai kallo.

Ita ta fara ganin jan da ya ɓullo a gadon bayan Madam, ba ta faɗa ba. Sai ranar Juma'a da Illo ya kawo zarensa ya tsuguna ya ƙi tashi, ta ce daga inda take, ba tare da ta ɗago ba, "Tun Talata yake nan."

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka zuba a rumbu. Madam ta dawo ja, ko da ba ta kai zaren ba. Tagwayen da ya rage ya zama rabi ja rabi fari. Kumandan kuwa ɗan jan da ya rage masa ma ya tafi, ya koma fari sol. Ranar da aka liƙe bakin rumbu, Illo ya zo ya tsaya gefen yayarsa a bakin ƙayar.

"Biyu sun dawo, Yaya."

"Ɗaya da rabi."

"Kumandan dai..." Illo ya nuna farin kifin.

Azumi ta karɓi zogalen da ke hannunsa ta watsa. Kumandan ya taso ya ture Madam gefe, ya bi Tagwaye da gudu har ƙarƙashin ciyawa, ya dawo ya cinye rabon kowa.

"Wata huɗu ina kallon wanga azzalumi," ta ce. "Na yi jinyar mutane da yawa, ban taɓa ganin mai ciwo da ci irin nasa ba. Tsufa ne. Ni ma kaina ya yi fari, ban sa wa kowa ba." Ta kakkaɓe hannu. "Ka cire ƙayar ga, tana kama mani zane. Gobe ka nemi amalanke, kada ka ɗauko mace da kayanta bisa keke kamar buhun gyaɗa."

Da hantsi suka iso. An share ɗakin, an yi sabon daɓe. Maƙwabta sun taru, amma kowa ya tsaya nesa-nesa yana sannu da zuwa daga inda yake. Zuliha ta sauko ta gaida Azumi, ta wuce wurin kwatarniya ta tsuguna. Ta daɗe tana kallonsu.

"Kumandan," ta ce, "ashe da gaske Bature ne kai."

Azumi ta kawo fura a ƙwarya da ludayi ɗaya, ta miƙa mata. Zuliha ta sha uku ta aje. Azumi ta ɗauki ludayin nan, ba ta ɗauraye ba, ta sha a gaban kowa, ta miƙa wa matar ɗanta. Daga nan mata suka fara matsowa.

Shekara tara suka ƙara tare. Tabon damtsenta bai ɓace duka ba, amma yatsunta goma suna nan, da su take yi masa tuwo. Wata damina kifin suka yi ƴaƴa, baƙaƙe ƙanana kamar ƙaya, Illo ya hau keke har Tibiri don kawai ya gaya wa Filibus ya gani. Atamfa ta cika kasuwa, ramukan marina suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, shi bai bar nasa ba. Bai kuma daina tsayawa ƙofar gidan mutane yana cewa a kwashe zane daga rana ba.

Shekarar farin nan da ta kashe dabbobi, tari ya kama shi bayan sallar layya. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kwance, kansa bisa cinyar Zuliha, Azumi na gefe tana yi masa fifita. Ranar Alhamis da azahar ya cika. Mun wanke shi, shuɗin hannunsa bai fita ba, da shi muka kai shi.

Da Zuliha ta gama takaba, ƙannenta suka zo daga Jiratawa da jakuna biyu don su ɗauke ta da kayanta, kamar yadda aka saba. Azumi lokacin idonta ya yi rauni, da sanda take tafiya. Ta sa aka ba su ruwa, ta bari suka gama bayaninsu.

"Ku gaida mutanen gida," ta ce. "Ɗakinta nan yake."

Har yau Zuliha tana cikinsa. Allah ya jiƙan Illo, ya haskaka masa kabarinsa, ya ba matan nan biyu haƙurin rashinsa, mu ma ya ba mu.